Saliyo 1999: mun yi shelar tafiya kafin a gama ciniki

Duk sanda aka taso da gardamar janye sojoji daga ƙasar waje, sai mutanenmu su ruga ga misalin Amurka a Afganistan, kamar mu 'yan Najeriya ba mu taɓa shiga wannan tsaka mai wuya ba. Mun shiga, a Saliyo.

A bariki na tashi, na ga yadda abin ya kasance a cikin gidaje. Da ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma da Najeriya ke jagoranta, ta fatattaki Johnny Paul Koroma, sojan da ya ƙwace mulkin Saliyo, a farkon 1998 ta maido da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki, an ɗauka an gama. Sai ga 'yan tawayen RUF sun kutsa Freetown ranar 6 ga Janairun 1999, suna ƙona gidaje, suna datse hannuwan mutane. Tun daga ranar rediyo bai sake hutawa a layinmu ba. Motar soja na tsayawa a bakin layi, za ka ga mata sun ɗaga labule suna leƙe, ba mai cewa uffan. Maƙwabciyarmu takan ce wa mahaifiyata, "Yaya, ni dai ya dawo da ƙafarsa, ko albashin su riƙe."

Don haka ban taɓa ganin laifin masu cewa a dawo da su ba. Jini namu, kuɗi namu, ga talauci a gida. Masu neman ƙuri'a a 1999 sun ji kukan, Obasanjo kuma ya hau a watan Mayu da niyyar dawo da su.

Inda nake da ja shi ne yadda aka yi ta yayata tafiyar tun ba a zauna sulhu ba. Foday Sankoh, madugun RUF, fa yana tsare, har an yanke masa hukuncin kisa. Amma da aka je zaman sulhu a Lome, babban birnin Togo, kowa ya san masu riƙe da Kabbah sun ƙosa su koma gida, to me zai hana Sankoh tsuga farashi? Yarjejeniyar 7 ga Yulin 1999 ta yi masa afuwa, ta ba shi matsayi daidai da na mataimakin shugaban ƙasa, ta kuma damƙa masa hukumar kula da ma'adanai, lu'ulu'un da ake yaƙin da kuɗinsa. An ba kura ajiyar nama.

Miƙa aikin ma bai yi kyau ba. Wasu sojojinmu hula kawai aka canza musu zuwa shuɗiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, saura suka tattara kayansu alhali RUF na riƙe da bindigoginta. Ragowar ECOMOG na ficewa a farkon Mayun 2000, 'yan tawaye suka kame dakarun Majalisar kusan 500, da yawansu 'yan Zambiya. Sai da Birtaniya ta turo nata sojojin, aka cafke Sankoh a cikin watan, kuma ba a ce yaƙi ya ƙare ba sai Janairun 2002.