Jimloli biyun da nake gwada sabon ɗalibi da su

Ƙaramar cibiya ce gare ni ta koyar da manya Turanci, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu shirin jarrabawa, a gefe kuma muna gyara wa mutane rubutu, wasiƙar neman aiki ko rahoto. Duk wanda ya zo rajista ba na tambayarsa takardar shaida. Jimloli biyu nake rubuta masa: I met a woman. Her son is a pilot. Sai in ce ya haɗa min su su zama ɗaya. Wanda ya rubuta I met a woman whose son is a pilot, na san ya yi nisa, ajin gaba zan kai shi. Yawanci kuwa abin da nake samu shi ne a woman who her son is a pilot, kuma ba na ganin laifinsu ko kaɗan, domin "matar da ɗanta matuƙin jirgi ne" Hausa ce tsantsa. Tunaninsu daidai ne, harshen da suka zuba shi a ciki ne bai yarda da wannan gini ba.

Wannan whose son is a pilot ɗin ita ake kira ganga mai siffanta suna, wato guntun jimla mai aikataunsa wanda yake bin bayan suna don ya fayyace wa ko me ake nufi. Da who, whom, whose, which ko that take farawa, wani lokaci da where ko when. Ni a wurina ita ce ma'aunin sana'ar nan, don sai mutum ya mallake ta yake daina magana guntu-guntu.

Daga Hausa nake farawa, don ɗalibi ya riga ya zo da abin a bakinsa. Mu muna duba jinsi da adadi: wanda, wadda, waɗanda. Turanci bai damu da wannan ba, tambayarsa ɗaya ce, mutum ne ko ba mutum ba? In mutum ne who, in abu ne which, that kuma tana shiga duka biyun. Har sauƙi ma suke samu a wani wajen, tunda mu muna sauya "sun zo" ta koma "waɗanda suka zo", alhali came tana nan yadda take a they came da those who came.

Inda gumin yake shi ne wakilin sunan da muke maimaitawa. Muna cewa "alƙalamin da na yi rubutu da shi", kuma in ka cire "shi" jimlar ta karye. Sai ɗalibi ya kawo the pen that I wrote with it. Wannan it ɗin dole ta fita, domin that ta riga ta tsaya a madadin alƙalamin. Faɗar ƙa'idar ba ta cin minti biyu, amma cire ta daga hannun mutum makonni take ci. Malamin da ya koya min wannan aiki ba ya gyara kuskuren da kansa, zagaye kalmar kawai yake yi da jan biro ya miƙo maka littafinka, kai za ka gano dalili. In ka tambaye shi sai ya ce, "Karanta da ƙarfi, kunnenka zai gaya maka." Har yau haka nake yi wa nawa ɗaliban, kuma kowane littafi da hannuna nake bin sa layi-layi, ba na barin wani ya duba min.

Shi ya sa raina yake ɓaci da masu tallan "iya Turanci cikin mako biyu". Su kwafo jerin ƙa'idoji daga intanet, su buga, su raba wa mutane, ba mai duba rubutun kowa. Bayan wata uku mutum ya zo wurina riƙe da takardar kammalawa, ya haddace cewa who ta mutane ce, amma ya kasa haɗa jimloli biyun nan. Sannan a zo ana yi min ciniki, wai can ya fi araha kuma ya fi sauri. Gyaran abin da aka koya a karkace ya fi koyar da sabo wuya nesa ba kusa ba.

Sai maganar waƙafi, wadda mutane suke ɗauka ado ce. Wani ya taɓa kawo min sanarwar da zai manna a ƙofar ma'aikatarsu: Staff, who have no identity cards, will not be admitted. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka san ka kori ma'aikatanku gaba ɗaya?" Da waƙafin nan biyu, ma'anar ita ce dukkansu ba su da katin shaida kuma ba wanda zai shiga. Da muka goge su, sai sanarwar ta koma kan marasa katin kaɗai, abin da yake nufi tun farko. Gangar da take tantance wanda ake nufi ba ta ɗaukar waƙafi. Wadda take ƙarin bayani kawai, wadda in an cire ta ba a rasa gane wanda ake magana a kai ba, ita ake killacewa da waƙafi, kuma that ba ta shiga irin wannan.

Akwai saɓani tsakanin that da which a ganga mai tantancewa. H. W. Fowler, wani masanin Turanci ɗan Ingila, ya ba da shawara a 1926 cewa a bar wa that wannan aikin, editocin Amurka suka riƙe shawarar da ƙarfi, a Ingila kuwa ana amfani da duka biyun. Nakan tambayi ɗalibi wa zai karanta rubutunsa kafin in ce masa ga wadda zai bi.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne ranar da ɗalibi ya fara jefar da kalmar da kansa. The book I bought daidai ce, domin littafin karɓau ne a cikin gangar, wato a kansa aikin ya faɗa, ana iya cire that. The man called you is here kuwa ba ta yiwuwa, dole a ce the man who called you, tunda shi ne ya yi aikin. Whom ba na matsa wa kowa a kanta a hira, amma a rubutun ofis, musamman bayan to ko with, sai an sa ta: the officer to whom I wrote. Masu zuwa don wasiƙun aiki da wannan muke rufe zangonsu, kuma ba na sa hannu a takardar kowa sai ya rubuta min shafi guda cikakke a gabana, na bi shi da jan biro ban sami abin zagayewa ba.