Mako na tara da walda: ranar da guduma ta raba min aiki biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon walda. Mako tara ke nan da aka fara shigar da mu ɗakin aiki a kwalejin fasaha da nake zuwa a nan Legas, kuma wannan makon ya fi duk na baya koya min abu.

Kafin in shiga makaranta na yi shekara biyu a shagon kawuna a Agege, muna haɗa ƙofofi da tagogi. Hannuna ya saba da ɗiga wuta nan da can a goge da giranda, fenti ya rufe sauran. Na zo da tunanin rabin aikin yana hannuna.

Ranar Talata malam ya ba kowa falle biyu na ƙarfe mai kaurin milimita 6, ya ce a ɗora ɗaya a tsaye bisa ɗaya, a yi walda ta gefe guda kawai. Na ɗauki sandar E6013 mai milimita 3.2, wadda a kasuwa ake ce wa geji 10, na sa inji a amfiya 85 don kada wuta ta yi min tsartuwa. Layin ya fito sumul, har abokan aiki suna leƙowa. Malam ya juya shi sau biyu a hannu, ya ɗaure a benci, ya ce, "Ɗauko guduma." Bugu uku ƙarfen ya rabu. Ya nuna min can cikin kusurwar da farce: bakin ƙarfen yana nan da kaifinsa yadda aka yanko shi, wuta ba ta ko lashe shi ba, ga baƙin kashin walda, wato dattin da hodar jikin sanda ke bari in ta narke, maƙale a tsakani. Ashe narkakken ƙarfen kwanciya kawai ya yi a sama. Raina ya ɓaci ƙwarai, don nan take na tuna ƙofofin da na haɗa wa mutane suna kwana a bayansu.

Ya ce, "Kai tartsatsi kake kallo. Kalli ɗan tafkin da ke bayan sandar." Sai da na rufe fuska da garkuwa na tsaya a kafaɗarsa yana yi, sannan na gane. Akwai ruwa iri biyu a wurin: ƙarfe mai sheƙi, da kashi mai duhu da ke yawo a kansa. Idan kashin ya riga ka gaba, ka binne datti a cikin aikinka.

Ga abin da na gyara. Na ɗaga wuta zuwa amfiya 115. Na sa sandar a tsakiyar kusurwa daidai, digiri 45, na ɗan kwantar da ita wajen da nake ja. Tazarar bakinta da ƙarfe ba ta wuce kaurin sandar kanta, kuma kunne ma yana gaya maka: in ta yi daidai ƙararta kamar suyar ƙosai a mai, in ka yi nisa sai ta kama fatfat tana watsi. Na ɓata falle 14 kafin ranar Alhamis in samu wanda ya lanƙwashe bai rabu ba. Da ya huce, kashin da kansa ya ɗago kamar ɓawon rogo.

Wani abin da shago bai koya min ba shi ne karanta lambar sanda. A E6013, 60 ɗin farko ƙarfin jan da waldar za ta jure ne, fam dubu 60 a kan kowane inci murabba'i. Lamba 1 na nufin tana aiki a kwance, a tsaye, har sama da kai. Ta ƙarshe tana nuna irin hodar da aka lulluɓe ta da ita. Hodar nan tana shan danshi, ga Legas da ruwa, shi ya sa kwalin da aka bari a buɗe yake ba da walda mai ƙananan ramuka. E7018 kuwa ta fi kowa tsoron danshi, a tanda mai ɗumi ake ajiye ta.

Don Allah ku kula da idanunku. Daren Laraba wajen ƙarfe biyu na farka kamar an zuba min yashi a ido, hawaye na zuba, saboda na ɗaga garkuwa sau biyu ina neman wurin kunna wuta. Gilashin garkuwa mai lamba 10 ko 11 ake so a irin wannan wutar, baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare komai. In zafin ya wuce yini guda, asibiti za a je.

Burina in ci jarrabawar NABTEB, wato hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, in yi gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago, daga nan in nemi waldar bututu har matakin 6G, inda ake kafe bututun a karkace digiri 45 ba a juya shi. Irinta ake nema a aikin mai da gas. Amma mako mai zuwa walda a tsaye za mu fara, daga ƙasa zuwa sama. Na gwada sau ɗaya, ƙarfen ya zubo kamar kakin kyandir. Malam ya ce in rage wuta, in ɗan dakata a kowane gefe, in tsallake tsakiya da sauri. Ranar Asabar zan je kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin in auno guntayen ƙarfe, in yi ta gwadawa a shagon kawu bayan la'asar.