Rubutu da sikila a jiki

Jinina SS ne, wato ina da cutar sikila, kuma sana'ata rubuta littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp. Abubuwan nan biyu ba sa ga-maciji da juna, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya sauko mana a Zariya.

Mutane sun fi sanin tashin ciwo, wato ranar da ake kwasar mutum zuwa asibiti yana ihu. Gajiyar yau da kullum kuwa ba su san ta ba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kan yi kwana 120 suna aiki, nawa kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 suke mutuwa, don haka kullum jinina a ƙasa yake. In sanyi ya shige ni, ko ban sha isasshen ruwa ba, sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ƙashin baya da ƙugu da wuyan hannu su ɗauka. Wuyan hannun nan shi ne jarin marubuciya.

Ita kuwa kasuwar littafin waya, dokarta ɗaya ce: kullum a ga sabon shafi. Kin yi shiru kwana biyu, saƙonni sun fara shigowa: "Anti, ina cigaba?" "Mun biya kuɗinmu fa." Ban ga laifinsu ba, wanda ya biya yana da haƙƙi. Amma tsarin gaba ɗaya an gina shi ne a kan jikin da ba ya saɓa alkawari, ni kuwa ban san yadda zan tashi gobe ba.

Shi ya sa na daina sakin littafi sai na kai ƙarshensa. Hakan na da tsada. Kuɗi ba sa shigowa a tsawon watannin da nake rubutu, ga magungunan da nake sha, hydroxyurea da folic acid, ba sa jiran kowa. Na kuma rasa daɗin nan na jin ra'ayin masu karatu labari na tafiya. Abin da na samu shi ne in kwanta a gadon asibiti ba tare da ina lissafin bashin shafuka ba.

Ranar da hannu ya ƙi, baki nake sawa. Ina naɗar muryata a waya, ƙanwata ta buga idan ta dawo daga makaranta. Wannan ya sauya mini rubutun kansa. Hirar jarumaina ta fi kama da ta mutane, domin sai na furta magana kafin ta hau shafi, kuma duk jimlar da numfashina bai iya kaiwa ƙarshenta ba, na san ta yi tsayi. Ranar da aka yi mini allurar kashe zafi mai ƙarfi kuwa ba na taɓa gyara, kai ba ya tare da ni.

Umma takan ce, "Ajiye wayar nan ki huta, 'yar nan." Nakan ce, "Umma, wannan ne kaɗai aikin da zan yi a kwance, babu mai korata don na yi fashi." Ta san da wanda nake, don an taɓa sallamata daga aiki a kan haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke rubuta mai sikila. Kusan kullum kyakkyawar yarinya ce mai haƙuri, a so ta, ta rasu ana gab da biki, masu karatu su sha kuka. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa. A 2024 Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, har da na gano ko jinin mutum AA ne, AS ko SS, kuma na yi murna da ita. Amma mu da aka riga aka haifa fa? Yarinya mai shekara goma sha huɗu da ke karatu a wayar yayarta, me muke gaya mata game da gobenta?

Jarumar littafin da nake kai yanzu tela ce mai SS, ta haura arba'in, tana da 'ya'ya biyu da saurin fushi, kuma babbar rigimarta a labarin ta gadon shago ce da yayyenta maza. Takan kwanta ciwo, ta tashi ta koma kan kekenta. Zan sake shi in Allah ya yarda bayan sanyi ya wuce, gaba ɗayansa lokaci guda.