Hereford: inda tuffa ɗaya ke zama lemo, giya ko khal

Daga tashar Paddington ta Landan jirgin ƙasa kan ɗauki wajen awa uku kafin ya kai Hereford, ya ratsa Oxford, ya wuce Worcester, ya bi gindin duwatsun Malvern. A watan Oktoba na je, lokacin girbi. Tun daga Ledbury gonakin tuffa ke fara bayyana ta taga, bishiyoyi gajeru a jere kamar an ja musu igiya, ƙasansu ja wur da 'ya'yan da suka zubo. Nan da can za ka hango tsofaffin gine-gine masu tsinin rufi, wuraren busar da furen hof ne, furen da ake sa wa giyar sha'ir don ɗaci da ƙamshi. Yankin na noman duka biyun.

Garin ba babba ba ne, a bakin kogin Wye yake. Baƙi kan nufi babbar majami'a su ga taswirar duniya da aka zana a fata wajen shekarar 1300. Ni gidan tarihin giyar tuffa na fara shiga, wanda ke cikin tsohon ginin kamfanin Bulmers, kamfanin da Percy Bulmer ya kafa a 1887. A ciki akwai dutsen niƙa irin na da: kwami ne zagayayye na dutse, doki yana jan wani ƙaton dutse mai kama da taya yana murƙushe tuffar. A wancan zamanin manoma kan biya 'yan ƙwadago wani ɓangare na ladansu da giyar, har sai da doka ta hana a shekarar 1887 ɗin.

Shagon sayar da giya da ruwan tuffa da na je daga baya yana cikin unguwa, bai fi girman shagon tireda biyu ba. Firiji a bangon dama cike da gwangwanayen giyar sha'ir ta ƙananan masu dafawa, kantoci a hagu ɗauke da kwalaben tuffa, can ƙurya kuma famfuna shida da kwalaye masu leda a ciki, waɗanda ake tsiyaya wa mutum a jarkarsa. Ruwan tuffa da khal, ruwan tsamin nan da Turawa ke kira "vinegar", na je saya, kuma a nan aikin yake, domin kwalbar lemo da ta giya suna kan kanta ɗaya, girmansu ɗaya, launin abin da ke ciki ɗaya, hoton bishiya ɗaya a jiki.

Tarkon farko a kalma yake. A Amurka in ka ga an rubuta "cider" kawai, yawanci ruwan tuffa ne da ba a tace ba, sai an ƙara "hard" a gaba sannan ya zama mai bugarwa. A Ingila kuwa "cider" giya ce, babu wata kwana-kwana. Wanda ya saba da wancan ya zo nan da sabonsa zai ɗauki abin da bai yi niyya ba. Abin dubawa shi ne lamba mai alamar kaso da haruffan ABV ko "vol" a gefenta, wadda ke nuna yawan barasar da ke ciki. Duk abin da ya haura kaso 1.2 dole a rubuta ƙarfinsa a jiki. Yawancin kwalaben da na juya tsakanin 4.5 da 7.5 suke. Akwai kuma 'yar'uwarta da ake kira "perry", wadda ake yi da ɗan itacen da Turawa ke ce wa piya, ba fiyarmu mai man nan ba. Ita ma giya ce, sunanta ne kawai ba ya nunawa. Sai masu rubutun 0.5, waɗanda akasari giya ce aka yi ta har ta kammala sannan aka zare mata barasar. Hukuncin wannan na malamai ne, ni dai na bar su a inda na gan su.

Mai shagon ya ga ina ta juya kwalabe, ya tambayi abin da nake nema. Da na faɗa masa, sai ya sauko da guda uku ya jera a kan tebur, ya ce in karanta sunan irin tuffar da ke jikin kowace. A nan ne hirar ta yi daɗi.

Tuffar giya ba irin ta kasuwa ba ce. In ka gatsa Dabinett bakinka zai ɗaure kamar ka tauna ɗanyen goro, bauri ne zalla a bayan zaƙin. Cibiyar bincike ta Long Ashton, kusa da Bristol, ita ta kasa su gida huɗu bisa tsami da bauri: mai zaƙi, mai tsami, mai zaƙi da bauri, da mai tsami da bauri. Ma'aunin shi ne tsamin da ya haura kaso 0.45 da baurin da ya haura kaso 0.2. Dabinett da Yarlington Mill suna gida na uku, Kingston Black da Foxwhelp suna na huɗu. Masu giya baurin suke nema. Mai neman lemo kuwa ya kauce musu, ya nemi Cox ko Russet in zaƙi yake so, ko wanda aka haɗa da Bramley in yana son ɗan tsami. Na Bramley zalla ba kowa ke iya shanye kofi ba.

Har zuwa wurin matsa, hanyar lemo da ta giya ɗaya ce. A kaɗo tuffa, a wanke, a tsince ruɓaɓɓu, a markaɗa. Markaɗen a zuba shi a ƙyalle a naɗe, a ɗora katako, a sake wani a kai, hawa-hawa, sannan a danne da injin matsa. Kilo 20 kan ba da lita 10 zuwa 14, gwargwadon ƙarfin injin. Abin da ya rage, kamar tunkuzar gyaɗa, dabbobi ake ba wa. Daga nan hanya ke rabuwa. In lemo ake so, a ɗura a kwalba a dafa cikin ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 75 na kimanin minti 20, zafin ya kashe yis ɗin da ke ciki, wato ƙwayoyin da ke mai da sukari barasa. In an bar shi a ganga ba a dafa ba, yis ɗin da ke jikin 'ya'yan da kayan aikin zai kama cin sukari da kansa, ba sai an zuba komai ba. Ruwan da ma'aunin kauri ya nuna 1.050 in ya tsimu har ƙarshe zai kai kusan kaso 6.5. Duk wanda ya san yadda bammi ke kwana ya sauya hali ya san wannan.

Shi ya sa jarkar ɗanyen ruwan tuffa da ake sayarwa a bakin gona take buƙatar lura. Daɗinta ya fi na kwalba nesa ba kusa ba, amma kwana biyu zuwa uku take yi a firiji. In ka ga jarkar ta kumbura, ko ka buɗe ta yi "fusss", ko ka ji tana cizon harshe, ta fara tafiya. Duhun ruwan ba laifi ba ne, iska ce ke sauya masa launi kamar yadda yankakkiyar tuffa ke yi. Masu son ya zauna da haske kan ɗiga masa bitamin C lokacin matsa. Gurɓin da ke kwance a gindin kwalba shi ma ba komai, girgizawa ake yi.

Khal kuma mataki ne na gaba. Giyar da iska ta samu, wasu ƙwayoyin halitta kan mai da barasarta tsami. Abin da mai giya ke kuka da shi in ganga ba ta cika ba ko murfi ya yi sako-sako, shi ne mai khal ke nema da gangan. A duba a ga an rubuta tsami kaso 5. Yanar nan mai yauƙi da ke yawo a ciki ita ake kira uwar khal, alamar ba a tace ba ce.

Ɓangaren firijin ban daɗe ba, amma na lura kowane mai saye sai ya kifa gwangwani ya duba gindinsa. Ranar da aka ɗura suke nema, don ƙamshin hof yana gudu cikin 'yan watanni, zafi kuma na ƙara masa sauri. Haske ma ɓata giyar sha'ir yake, dalilin da ya sa kwalabensu duk masu duhu ne ko gwangwani. Tushenta tsiron sha'ir ne, kamar yadda burkutu ke farawa da tsiron dawa. A wannan firijin ma akwai tarko: gwangwanayen 440 ml masu zanen mangwaro da abarba, kai ka ce lemon yara ne, alhali wasu sun kai kaso 8. A bakin ƙofa akwai sanarwar cewa duk wanda fuskarsa ta yi kama da ɗan ƙasa da shekara 25 za a nemi katinsa, ko da yake shekara 18 doka ta yanka.

Kwalba huɗu na lemo masu 750 ml na saya, da khal ɗaya. Kowace cikakkiyar kwalba ta haura kilo ɗaya, don haka mai niyyar kawo tsaraba ya yi lissafin nauyin akwatinsa tun a shago. A babban akwati ake sa su, kowace a leda mai ɗauri, a naɗe da tufafi, a tsakiya. Ɗanyen na jarka kada ma a fara, kafin a sauka Kano ya zama wani abu dabam. Mai shagon ya naɗe min su da tsohuwar jarida, ya ce in na buɗe kwalba in shanye ta cikin kwana uku, sannan ya juya wajen wani dattijo da ya shigo da jarkoki biyu a hannu.