Karatun Jami'a Daga Cikin Bariki

Ina tsakiyar horon gyaran rediyon sadarwa a sashen sigina na Barikin Giginya da ke Sakkwato na shiga Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, a fannin kimiyyar kwamfuta. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ba sai da jarabawar JAMB ake shiga ba, kiredit biyar na sakandare, har da Turanci da lissafi, sun isa, kuma ba ta tilasta maka zaman aji kullum. Soja kuwa ba shi da iko da lokacinsa.

Kafin komai na nemi izinin oga a rubuce. Wannan takarda ita ce ke ba ni ƙafar tsayawa duk lokacin da jarabawa ta haɗu da jadawalin gadi.

Da safe muna wokshop: gwajin batir da mita, haɗa eriya, lalubo wayar da ta ƙone a cikin allon rediyo da ƙarfen solda a hannu. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, don haka karatun rana ba ya shiga kai ko kaɗan. Sai na mayar da shi bayan sallar asuba, kafin fareti. A nan na ga amfanin haɗa karatun da aikin wokshop. Dokar Ohm ta lissafin wutar lantarki da na haddace a sakandare ban gane ta ba sai da na ga allurar mita tana motsi a gabana, kuma darasin lambobin sifili da ɗaya ya zauna mini ne ranar da sajanmu ya buɗe cikin wata na'ura yana nuna mana yadda saƙo ke bi. "Kofur," in ji shi, "abin da ke cikin littafinka ga shi nan, taɓa shi."

Inda wahalar take shi ne aikin gida na intanet da ake kira TMA. Shi ke ɗauke da maki 30, jarabawa 70, kuma yana da ranar rufewa. A 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, an tura mu gabas wajen Sabon Birni. Littattafan suna cikin wayata, na sauke su tun a gari, amma babu hanyar tura amsa. Tun daga nan, da zarar an buɗe TMA nake gamawa a makon farko.

Kwasa-kwasai ma kaɗan nake ɗauka kowane zango, ina fifita waɗanda suka yi kusa da abin da hannuna ke yi a wokshop. Abokan karatuna farar hula sun riga ni gamawa, ban kuma damu ba, domin jarabawar sana'a ta soja ita ce ke gaba wajen ƙarin girma, ita nake fara ba haƙƙinta idan lokutan biyu suka ci karo.