Ernest Psichari, hafsan Faransa da hamadar Muritaniya ta mayar wa addini

An haifi Ernest Psichari a birnin Paris a shekarar 1883, a gidan ilimi da ba ruwansa da ibada. Kakansa na wajen uwa shi ne Ernest Renan, malamin da ya watsar da karatun zama limamin coci, ya kuma wallafa tarihin Annabi Isa (AS) a 1863 yana musun mu'ujizojinsa. Psichari ya shiga aikin soja a ɓangaren manyan bindigogi, aka tura shi yankin Kwango, daga baya kuma Muritaniya, inda ya yi kimanin shekara uku yana ratsa hamada a kan raƙumi har zuwa 1912.

A can ne rayuwarsa ta juya, kuma wannan ne ya sa nake ganin ya cancanci a san shi a wajenmu. Mutanen da aka aiko shi ya murƙushe, da waɗanda ke yi masa jagora a hanya, ba sa wasa da salla komai ƙishirwa da gajiya, kuma ba sa ɓoye mamakinsu cewa Nasara mai bindiga da ilimi ba ya bauta wa kowa. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Bai musulunta ba. Abin da ya yi shi ne komawa neman addinin kakanninsa na nesa, har ya shiga ɗariƙar Katolika a farkon 1913 tare da taimakon abokinsa Jacques Maritain, masanin falsafa ɗan Faransa. A shekarar ce ya fitar da L'Appel des armes, littafin da ke ɗaukar biyayyar soja a matsayin tarbiyyar rai.

Na yarda da gaskiyar nemansa, amma akwai abin da ba zan iya kau da kai daga gare shi ba. Imaninsa bai sa ya tuhumi mulkin mallaka ba, ya ma ƙara masa yaƙinin cewa Faransa na da hakkin mamaye ƙasar waɗanda sallarsu ta farkar da shi, kuma a rubutunsa Musulmin hamada sun fi zama sanadin shiriyarsa fiye da mutane masu ƙasa da 'yancinsu.

An kashe shi a Rossignol ta ƙasar Beljiyam ranar 22 ga Agusta, 1914, makonni kaɗan da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da shekara 30. Littafinsa mafi shahara, Le Voyage du centurion, wanda ke ba da labarin tuban wani hafsa a hamada, bai fito ba sai a 1916.