Ƙanƙarar da na tsinta a tsakar gidanmu

Bayan la'asar ne, cikin watan Afrilu, hadari ya taso daga wajen tsaunukan Shere. Kafin mu gama kwashe shanya sai rufin kwano ya ɗauki ƙara kamar ana juye tifar tsakuwa. Duk ɗan Jos ya san wannan ƙarar. Yara suka yi waje suna tsinta suna tsotsa, masu lambun tumatir da kabeji kuwa gabansu na faɗuwa. Ni ma na fita da roba, Inna na kirana daga ɗaki: "Ke, mura za ki kwaso mana!" Lokacin ina shekarar farko ta digiri na biyu, ina nazarin ruwan sama da na rijiyoyin Filato, don haka gani nake sama ta aiko mini da saƙo har gida. Na cika kwalabe uku na toshe su gam, sauran ƙwayoyin na ƙulle a leda na jefa firiza.

Abin da muke aunawa shi ne aisotof, wato ƙwayoyin sinadari iri ɗaya da nauyinsu ya bambanta. Ruwan da ke cikin randa kamarsa ɗaya a ido, amma ƙwayoyinsa ba nauyinsu ɗaya ba. A cikin kowace ƙwayar oksijin 500, kusan guda ɗaya tana da ƙarin nauyi, ita ake kira oksijin-18. A cikin haidurojin kimanin 6,400 kuma akan sami ɗaya mai ninkin nauyi, wato diyuteriyam, wanda Harold Urey ya gano a Amurka a 1931. Idan ruwa zai zama tururi, marasa nauyin su ke riga tashi. Idan tururi zai koma ruwa ko ƙanƙara, masu nauyin su ke riga sauka. Da na yi wa Inna wannan bayani cewa ta yi: "To ai sheƙa ke nan, tsaba ta faɗo, ƙaiƙayi ya bi iska." Har yau ban sami misalin da ya fi nata ba.

Sanyi yana ƙara wa wannan sheƙa kaifi. Masana biyu a Faransa, Merlivat da Nief, sun auna shi a 1967. A digiri 0, ƙanƙarar da ta fito daga tururi takan fi tururin yawan diyuteriyam da kusan kashi 13 cikin 100. A digiri 40 ƙasa da sifiri bambancin yakan kai wajen kashi 23. Na haddace lissafin nan kamar karatun allo. Da sakamakon kwalabena ya dawo daga ɗakin gwaji bayan wata huɗu, na ɗora shi a kai don in gano a wane sanyi ƙanƙarata ta daskare. Amsar da ta fito ko kusa ba ta yi kama da gaskiya ba. Na sake, na kuma sakewa. Mako biyu ina zargin kwalabe, ina zargin masu awo, har na fara rubuta musu wasiƙar ƙorafi.

Malamin da ke duba aikina ya karanta shafukan shiru, sannan ya cire tabarau.

"Wannan ƙanƙarar taki, ta wace hanya ta bi ta zama ƙanƙara?"

"Ranka ya daɗe, ai daga sama ta faɗo."

"Na ji. Akwai saura? Kawo mini gobe, ki taho da reza."

Washegari na kai ta a kula. Ya ɗora ƙwaya ɗaya a kan faranti mai sanyi, ya raba ta biyu, ya ce in duba ta jikin taga. Sai ga zobe cikin zobe kamar an yanka albasa: wani fari fat kamar nono, wani garau kamar gilashi. Ya ce a cikin hadari akwai ɗigon ruwa da kan wuce digiri 0 bai daskare ba, yana iya zama ruwa har kusan digiri 40 ƙasa da sifiri. Iska na cilla ƙwayar sama tana dawo da ita, ɗigon nan na bugunta suna daskarewa a jikinta. Inda suka daskare nan take, iska ta maƙale a ciki, zoben ya yi fari. Inda suka ɗan malale tukuna, zoben ya yi garau. Ɗigon da ya daskare ɗungurungum kuwa bai bar komai a baya ba, mai nauyi da marar nauyi duk sun shige tare. An riga an yi sheƙar tun lokacin da tururi ya zama ɗigo. Ni kuma na ɗauko ma'aunin tururi zuwa ƙanƙara na ɗora wa abin da ya bi ta ruwa.

Daga nan ya buɗe firizar ɗakin, ya kankaro farin garin da ke manne a bangonta da farce. "Wannan ita ce ta littafinki," in ji shi. Duk lokacin da aka buɗe murfi, danshin iska na shiga ya sauka a bango ya zama ƙanƙara kai tsaye, bai taɓa zama ruwa ba.

A hanyar komawa gida, cikin Keke Napep, na gane inda na zame. Mu da Hausa kalma ɗaya gare mu. Ta sama ƙanƙara, ta mai sayar da zoɓo ƙanƙara, ta bangon firiza ƙanƙara, ta ƙasashen Turai ma dusar ƙanƙara. Ba laifin harshe ba ne, don wanda ba ya zama da abu ba ya yi masa sunaye da yawa, mu da muke da sunan gero tun yana kumbura har ya shiga rumbu. Amma sunan ya rufe mini ido, na daina tambayar asali.

Da na koma karatu da wannan idon sai na tarar ko ta bangon firizar ma ba kullum take bin littafi sau da ƙafa ba. Lissafin 1967 na yanayin natsuwa ne, inda tururi da ƙanƙara suka sami lokacin daidaitawa. A sama mai tsananin sanyi sau da yawa tururi kan yi wa iska yawa, ya riƙa tururuwa zuwa jikin ƙwayar. A wannan rububin masu nauyin kan makara, domin tafiyarsu cikin iska ta gaza ta marasa nauyi da kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Sai ƙanƙarar ta fito da ƙarancin nauyi fiye da yadda aka zata. Jouzel da Merlivat ne suka fayyace wannan a 1984. Inna ta san shi ma: idan iska ta yi ƙarfi, mai sheƙa takan dakata, don tsaba na bin ƙaiƙayi.

Wani zai ce me ya haɗa 'yar Jos da wannan? Da irin wannan awo Willi Dansgaard na ƙasar Denmak ya nuna a 1964 cewa nauyin ruwan sama na tafiya da sanyin wurin da ya sauka, kuma da shi aka karanta tarihin yanayi na shekara 800,000 daga ƙanƙarar da aka haƙo a Antatika, can ƙarshen kudancin duniya. Kuskure kaɗan a ma'aunin sai ya karkata karatun. Sannan sanyin ba nesa yake da mu ba. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, amma kilomita 16 zuwa 17 a saman kanmu sanyi na kaiwa wajen digiri 80 ƙasa da sifiri, kuma manyan hadarin daminarmu na cilla ƙanƙara kusa da can. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne awon 1967 bai wuce wajen digiri 40 ƙasa da sifiri ba. Abin da ke ƙasa da haka, ja layin aka yi ana kyautata zato, shekara 50 cur, sai a 2017 aka fitar da sakamakon gwaji a wani babban ɗakin ƙera gajimare a Karlsruhe ta Jamus, wanda ya sauka har ƙasa da digiri 80. Sakamakon bai yi nisa da tsohon layin ba, amma sai da aka auna aka sani. Ni da na haddace lissafin ban taɓa duba inda awonsa ya tsaya ba.

Wasiƙar ƙorafin ban aika ba. Na sake wannan babin na kundin digirina daga farko, ya ci mini wata uku, na kuma ƙara layi biyu a littafin da nake fita da shi daji: ta wace hanya samfurin ya samu, kuma a wane yanayi aka auna ma'aunin da zan ɗora masa.

Bana da aka yi ƙanƙarar farko ba na gida. Da na dawo na tarar ƙanena ya tsinto mini cikin kofin silba, Inna ta sa ya juye a leda ya ƙulle bakin, ta kuma sa ya rubuta ƙarfe nawa ta fara sauka a jikin kwalin ashana. Na ɗauko reza muka zauna bakin ƙofa mu uku. Ƙwayar farko zobe biyar muka ƙirga.